Yadda Ake Ɗora Kekuna a Bayan Tirelar Kwana Ba Tare da Sun Zube a Hanya Ba

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai, iyalai da yawa kan tafi hutu da tirelar kwana, wato ƙaramin gida mai tayoyi wanda ake ja da mota, mai gado da madafa da banɗaki a ciki. Idan aka isa sansani aka kwance tirelar, babu abin da ya kai keke sauƙin zirga-zirga, ko zuwa kanti ko zagaya bakin tafki, saboda haka kusan duk wanda ya mallaki irin wannan tirela yakan fara neman inda zai sa kekunan gidansa, kuma idonsa yakan faɗa a kan bayanta domin nan ne ake ganin fili. Ana iya ɗaukar kekuna a wurin lafiya lau, amma bayan tirela ya fi kowane wuri a jikinta wahalar da kaya, kuma mafi yawan aikin da ke tabbatar da cewa kekunan za su isa inda aka nufa ana yinsa ne tun kafin a sayi mariƙin da za a ɗora su a kai.

Abin da ya sa bayan tirela ya bambanta da bayan mota

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta doguwar bas ya san cewa ramin da direba bai ma ji ba yana iya ɗaga fasinjan baya daga mazauninsa. Haka bayan tirela yake, har ma ya fi muni, domin tirelolin kwana da yawa a Amurka sifirin kawai gare su, ba su da abin da ke tausasa girgiza irin na mota, sannan akwai tazarar mita biyu ko uku tsakanin tayoyi da ƙarshen jiki. Duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau mahaɗar gada, ƙarshen tirelar yana yin sama ya dawo ƙasa da ƙarfi, kuma a wannan ɗan lokacin kayan da ke maƙale a wurin suna danna ƙarfen da ke riƙe da su da ƙarfin da ya ninka nauyinsu na ainihi. Wannan bugun yana maimaituwa sau dubbai a tafiyar yini guda, kuma da haka ne ƙarfe yake gajiya har ya tsage. Ga shi kuma direba ba ya ganin wurin ko kaɗan, domin madubinsa gefen tirela kawai yake nuna masa. Sau da yawa wanda kekunansa suka faɗi ba ya sani sai wani direba ya zo gefensa yana masa hon yana nuna baya.

Mataki na farko: lissafin nauyi

Ka fara da takardar da ke manne a jikin tirela, wadda a Amurka yawanci takan kasance a gefen hagu ta wajen gaba. A kanta za ka ga haruffan GVWR da adadi a gabansu, wanda shi ne iyakar nauyin da tirelar za ta iya kaiwa da duk kayan da ke cikinta. A Birtaniya haruffan MTPLM ne ke nuna wannan iyakar. Ka cire nauyin tirelar kamar yadda kake tafiya da ita daga wannan adadin, abin da ya saura shi ne filin da kake da shi. Kada ka manta da ruwan tanki, domin kowace lita kilo ɗaya ce, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa a lissafi.

Daga nan sai ka auna kekunan ɗaya bayan ɗaya, ba ƙiyasi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka hau sikelin gida kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da keken, ka cire na farko daga na biyu. Keken manya na yau da kullum yakan kai kilo 10 zuwa 15, amma keke mai batir yakan kai kilo 20 zuwa 30, wato guda biyu daga cikinsu sun kai nauyin kekuna huɗu. Ka ƙara nauyin mariƙin kansa, wanda idan na ƙarfe ne mai kyau yakan wuce kilo 20, sannan ka ƙara nauyin ƙarfen da za a haɗa shi da tirela.

Ka kuma buɗe littafin tirelar ka nemi abin da maƙeranta suka ce game da rataya kaya a baya. Wasu sun ba da iyaka da lamba, wasu sun hana baki ɗaya, kuma idan tirelar tana cikin lokacin garanti, saɓa wa wannan umarni yana iya zubar da garantin.

Mataki na biyu: nauyin da ke kan wuyan tirela

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, domin ya shafi rayukan da ke cikin motar, ba kekuna kaɗai ba. Tirela tana tafiya a miƙe ne saboda wani kaso na nauyinta yana danne a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar da ke janta. A Amurka ƙa'idar da aka saba da ita ita ce wannan nauyin ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta. A Birtaniya, inda tirelolin ba su da nauyi sosai kuma tayoyinsu sun fi kusa da tsakiya, ana neman kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari. Idan nauyin wuya, wato wannan nauyin da gaban tirela ke dannawa a kan ƙwallon, ya yi ƙasa da abin da ya kamata, tirela takan fara tangaɗi hagu da dama a kan babbar hanya, musamman idan iska ta bugo daga gefe ko wata babbar mota ta wuce da gudu, kuma tangaɗin yana iya ƙaruwa har ya juya motar da ke gaba.

Duk abin da aka ɗora a bayan tayoyi yana ɗaga wuyan tirela, kuma ana iya lissafa yawan abin da zai rage tun ba a ɗora ba. Ka ɗauki tef ka auna daga aksil, wato ƙarfen da tayoyi ke kansa, zuwa inda tsakiyar kekunan za ta kasance. Sannan ka auna daga aksil zuwa inda tirela ke hawa ƙwallon mota. Idan aksil biyu ne, ka auna daga tsakiyarsu. Ka ninka nauyin kayan da tazarar baya, ka raba da tazarar gaba. A ce tirelarka kilo 2,000 ce, wuyanta yana danna kilo 220, wato kashi 11 cikin ɗari. Kekuna biyu kilo 30, mariƙi kilo 22, ƙarfen haɗi kilo 18, jimla kilo 70. Idan za su zauna mita 3 a bayan aksil, ƙwallon kuma yana mita 5 a gaba, to 70 sau 3 a raba da 5 ya ba da kilo 42. Wuyan zai koma kilo 178 a kan tirelar da yanzu ta zama kilo 2,070, wato kashi 8.6 cikin ɗari, kuma ka riga ka fita daga ƙa'idar Amurka da kekuna biyu kacal. Da kekunan masu batir ne, kowanne kilo 25, da ya sauka ƙasa da kashi 8.

Don ka san nauyin wuyan tirelarka na yanzu, akwai ƙaramin sikeli da ake sayarwa musamman don haka. Idan babu, sikelin gida zai yi. Ka ajiye tirelar a wuri mai shimfiɗe, ka tokare tayoyinta gaba da baya, ka sa bulo a gefe ɗaya da sikeli a ɗaya gefen, tazararsu santimita 90, ka shimfiɗa katako mai kauri a kansu da guntun bututu a ƙarƙashin kowane ƙarshe. Ka sauke wuyan tirelar a kan katakon a wurin da ke santimita 30 daga bulo da santimita 60 daga sikeli, tsayinsa daidai da yadda yake idan yana jikin mota, sannan ka ninka abin da sikeli ya nuna sau uku. A Amurka kuma akwai sikelin manyan motoci na kamfanin CAT Scale a wuraren da direbobin tirela ke tsayawa, inda za ka auna motar da tirela a haɗe, ka sake auna motar ita kaɗai, bambancin nauyin da ke kan tayoyin motar shi ne nauyin wuya, muddin ka kwance sandunan rarraba nauyi, wato ƙarafan da wasu ke haɗawa tsakanin mota da wuyan tirela don su raba nauyin wuya ga sauran tayoyi, kafin awon farko idan kana amfani da su.

Ana iya mayar da wani ɓangare na abin da aka rasa ta hanyar matsar da kaya masu nauyi gaba a cikin tirela. A misalin nan na sama, akwatin kayan aiki da katan ɗin ruwan sha masu kilo 50, idan aka ɗauke su daga kan aksil aka kai su mita 3 gaba, za su ƙara wa wuya kilo 30, ya koma kusan kashi 10. Amma akwai iyaka ga wannan dabara. Tirelar da aka tara wa nauyi a can gaba da can baya, ko da sikeli ya nuna daidai, idan ta fara tangaɗi ta fi wuyar tsayawa fiye da wadda nauyinta ke tattare kusa da tayoyi. Shi ya sa a ganina kekuna biyu ne iyakar abin da ya dace da bayan yawancin tireloli, ko da mariƙin na huɗu ne.

Mataki na uku: inda za a kafa mariƙin

Yawancin tirelolin Amurka suna da bamba a baya, bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa inci 4, kuma kallon farko zai sa ka ɗauka an yi shi ne don ɗaukar kaya. A gaskiya a tireloli da yawa aikinsa shi ne ajiye tiyon zubar da ruwan banɗaki. Ka cire murfin roba da ke ƙarshensa ka dubi kaurin ƙarfen, za ka tarar siriri ne ƙwarai, kuma an liƙa shi a jikin shasi, wato ƙarafan ƙasa da jikin tirela ke zaune a kansu, da ɗan gajeren layin walda a wurare biyu kawai. Sau da yawa kuma taya safaya tana rataye a kansa tun daga masana'anta, wato ya riga ya ɗauki kaya. Ana sayar da wani ƙarfe da ake ɗaure wa wannan bamba da noti don a zura mariƙin keke, kuma yana da arha da saurin haɗawa, amma da shi ne aka fi yin asara. Kekunan suna tsaye ne nesa da bamban ta baya, saboda haka nauyinsu yana murɗa bututun ne, ba danna shi kawai yake yi ba, kuma kowace girgiza tana ƙara murɗawar har ƙarfen ya yage a gefen waldar.

Ka kwanta a ƙarƙashin tirelar da tocila ka dubi wurin da bamba ya haɗu da shasi. Idan ka ga siririn layin tsatsa, kamar an ja shi da biro, yana bin gefen walda, ko fenti ya ɗaga ya tsattsage a wurin, to ƙarfen ya riga ya fara tsagewa, kuma ko taya safaya bai kamata ta ci gaba da zama a kai ba. Akwai ƙarafan tallafi da ake ɗaurawa don su riƙe bamba da shasi, kuma suna rage haɗarin yagewar walda, sai dai ba sa ƙara wa bututun kansa kauri.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a kafa kuben ƙarfe kai tsaye a jikin shasi, wato bututu mai kusurwa huɗu da ake zura ƙafar mariƙi a cikinsa, irin wanda ke bayan motocin ja. Ya kasance mai faɗin inci 2, domin ƙaramin mai inci 1.25 bai dace da wannan wahala ba. Kuben yana zaune ne a tsakiyar wani ƙarfe mai kauri da ya ratsa daga ƙafar shasi ta hagu zuwa ta dama, kuma ana haɗa shi da noti ko da walda. Idan noti ne, a yi amfani da masu ƙarfi, aji 8 a ma'aunin Amurka ko 10.9 a ma'aunin mita, a sa faranti mai kauri a bayan ƙarfen shasi don kada notin ya huda shi, a kuma ɗaure da sifana mai auna ƙarfi daidai da abin da takardar kuben ta ce. Idan walda ce, a kai wa wanda ya saba aikin shasin tirela, a cire batir, a rufe tukunyar gas, a kuma kawar da wayoyi da bututun gas da tankunan roba da ke kusa kafin a kunna wuta. Bayan an gama a goge a yi fenti, domin waldar da aka bari tsirara ita ce farkon cin tsatsa.

A Turai lamarin ya bambanta. Kamfanin AL-KO na Jamus, wanda shasinsa ke ƙarƙashin tireloli masu yawa a can, ya hana huda shasin ko yi masa walda. Saboda haka mariƙin baya a can yakan hau bangon tirelar ne, kuma hakan yana yiwuwa ne kawai idan maƙeran sun sa katako ko ƙarfen ƙarfafawa a cikin bangon a wuraren da aka keɓe. Dillalin tirelar ne zai nuna maka wuraren. Wanda ya huda bango a inda babu ƙarfafawa zai sami mariƙi mai girgiɗi, sannan ruwan sama ya bi ramukan ya ruɓar da bangon daga ciki. Tsanin da ke bayan wasu tireloli kuwa, a bar shi ga aikin hawa rufi, domin ƙananan kusoshi ne ke riƙe da shi.

Mataki na huɗu: zaɓen mariƙi da kafa shi

Ba kowane mariƙin da ke shiga kube mai inci 2 ne ya dace ba. Kamfanoni da yawa sun rubuta ƙarara a takardar kayansu cewa kada a yi amfani da su a bayan tirela, kuma garantinsu ba ya aiki idan aka yi. Ka nemi wanda aka rubuta cewa an amince da shi don tirelar kwana, ka kuma karanta iyakar nauyin kowane keke, domin wani lokaci iyakar da aka ba don tirela ta fi wadda aka ba don mota ƙanƙanta. Kamfanin Swagman na Kanada yana ƙera irin waɗannan don kasuwar Amurka, a Turai kuma an fi sanin na Fiamma daga Italiya da na Thule daga Suwidin.

Mariƙi iri biyu ne. Akwai wanda ake rataya keke ta ƙarfen tsakiya a kan hannuwa biyu, akwai kuma mai faranti wanda tayoyin keke ke zama a cikin kwarinsa, wani hannu kuma ya danne shi daga sama. Na biyun ya fi dacewa nesa ba kusa ba, domin keken da aka rataya yana lilo yana bugun ɗan'uwansa duk tsawon hanya. Ka zaɓi mai ƙarancin gaɓoɓi, domin duk inda mariƙi yake naɗewa ko karkatawa, nan ne zai fara sakin jiki. Ka guji ƙarfen da ake ƙarawa don a tsawaita kube saboda taya safaya ta tare wuri, domin masu ƙera shi kan gargaɗi cewa yana rage ƙarfin ɗaukar kaya da kusan rabi. Gara a mayar da tayar ƙarƙashin tirela ko cikin mota.

Wajen kafawa, ka zura ƙafar mariƙin har ramukan su daidaita, ka sa fil ɗinsa, wanda a kube mai inci 2 kaurinsa inci 5/8 ne, kuma ya fi kyau ya kasance mai makulli. Sannan ka kama mariƙin da hannu biyu ka girgiza. Za ka ji yana ɗan motsi a cikin kuben, kuma wannan ɗan motsin ne yake zama guduma a kan hanya. Ana kashe shi da wata ƙaramar maƙala mai siffar kofaton doki da ake ɗaurewa a bakin kuben da noti biyu. Ka ɗaure har sai in ka girgiza mariƙin, tirelar ce take motsi gaba ɗaya. Ka kuma duba tsayinsa daga ƙasa, domin ƙarshen tirela yakan kusanci ƙasa sosai wajen shiga gidan mai ko hawa gangare, kuma mariƙin da ya fito baya shi ne zai fara karta kwalta.

Mataki na biyar: shirya kekuna da ɗora su

Kafin keke ya hau, ka cire duk abin da zai iya faɗuwa ko kama iska: kwando, jaka, gorar ruwa, famfo, fitila, kujerar yaro. Idan mai batir ne, ka cire batirin ka ajiye a cikin mota inda rana ba ta bugunsa, ka rufe bakin wayoyin da murfinsu ko da leda da roba. Wannan yana rage nauyi da kilo kaɗan, yana kuma kare abin da ya fi komai tsada a jikin keken.

Keke mafi nauyi shi ne zai fara hawa, a kwarin da ya fi kusa da tirela. Ka bar tazarar da ta kai faɗin tafin hannu tsakanin kan keken da bangon tirela, domin bangon siririn alminiyam ne ko roba mai ƙarfi, kuma ƙarshen kan keke yana iya huda shi ko ya fasa taga. Idan wuri ya yi kaɗan, ka sassauta notin wuyan keken ka juya kan ya yi layi ɗaya da jikinsa, ko ka cire fedar da ke ɓangaren bango. A nan a tuna cewa fedar hagu zarenta a juye yake, wato ana kwance ta ne ta hanyar da ake ɗaure sauran notuna. Keke na biyu ya fuskanci ɗaya ɓangaren, kansa yana wajen sirdin na farko, idan kuma suna karo sai a sauke sirdi ɗaya ƙasa.

Ka ɗaure kowace taya a kwarinta, ɗamarar ta ratsa tsakanin sifoka ta kama rim, ba ta danne bakin da ake ba taya iska ba. Sannan ka danna hannun da ke riƙe keken daga sama da nauyin jikinka har taya ta ɗan lotsa. Idan jikin keken na kabon ne, wato wani abu marar nauyi wanda ba ƙarfe ba, kada a matse shi da maƙala. A yi amfani da mariƙin da ke kama taya kaɗai. Ka tabbata tayoyin suna da iska sosai, domin idan taya ta sace a hanya, hannun da ke danne da ita zai saki.

Daga nan sai ka bi duk wurin da ƙarfe yake taɓa ƙarfe, ko yake kusa da taɓawa. Feda da ke shafar jikin ɗaya keken tana iya cinye fenti ta shiga ƙarfe a tafiyar awa uku. Ka sa guntun soso irin wanda ake naɗe bututun ruwa da shi, ko tsohon tif da aka yanka, ka ɗaure shi sosai, domin sosan da ke motsi da ƙura a ƙarƙashinsa shi ma yana goge fenti. Ka ɗaure feda a jikin keke don kada ta yi ta juyawa, ka kuma matse birkin gaba da roba.

Ɗauri biyu suka rage, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko ɗamara ce mai makama da ake ja ta matse, guda biyu, daga saman mariƙin zuwa kusurwoyin shasi na hagu da dama, don su rage tsallen da mariƙin ke yi. A ja su har su miƙe, amma ba har su lanƙwasa wani abu ba. Na biyu igiyar ƙarfe ce mai rufin roba da za a ratsa ta cikin jikin kowane keke, a zagayo ta jikin shasin tirela, a kulle da kwaɗo. Dole ne ta kama shasi, ba mariƙi ko bamba ba, domin amfaninta shi ne idan mariƙin ya karye kekunan su tsaya a jikin tirela maimakon su faɗa gaban motar da ke biye da kai. Ita ce kuma maganin ɓarayi idan an tsaya cin abinci. Igiyar roba mai ƙugiya ba ta isa ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba.

Batun lulluɓe kekuna da tampol yana da fuska biyu. Bayan tirela wuri ne da iska ke juyawa tana tsotso ƙura da ruwan kwalta, saboda haka kekunan kan iso da datti. Amma lulluɓi yana kama iska yana ƙara wa mariƙi wahala, yana kaɗawa yana goge fenti, sannan yana rufe fitilu. Ni na fi ganin a bar su a buɗe, a naɗe sirdi da sarƙa kawai, a wanke a sa mai idan an isa.

Mataki na shida: fitilu, lamba da doka

Ka haɗa tirelar da mota, wani ya zauna ya taka birki ya kunna sigina hagu da dama, kai kuma ka tsaya kamar mita 20 a baya, ka duba daga tsakiya da kuma kowane gefe. Idan taya ko jikin keke ya rufe fitila ko lambar tirela, ka sa allon fitilu na daban a bayan keken ƙarshe, ka haɗa shi da wayoyin fitilun tirela, lambar ma ta koma inda za a gan ta. Kada tayoyin keke su fito fiye da faɗin tirela. Wanda zai shiga Italiya ko Sifen ya sani cewa ƙasashen biyu suna buƙatar allo mai faɗin santimita 50 da tsayin 50, mai ratsin ja da fari, a jikin kayan da suka fito bayan abin hawa, kuma ƙirar allon kowace ƙasa daban ce. Idan tagar fita ta gaggawa a bangon baya take, a sauke kekunan kafin a kwanta barci.

Mataki na bakwai: gwaji da tafiya

Ka sake auna nauyin wuya da kekunan a ɗore da duk kayan tafiya a ciki, domin lissafin takarda ƙiyasi ne, sikeli ne mai yanke hukunci. Sannan ka yi gajeren gwaji a unguwa, wani ya bi ka a baya da mota ya kalli yadda mariƙin yake yi a kan tudun rage gudu da wurare masu gargada. Ɗan motsi ba laifi, amma idan yana tsalle sama da ƙasa a fili, ka koma ka duba maƙalar kube da ɗamarun nan biyu.

Ranar tafiya, ka tsaya bayan kamar kilomita 20 na farko ka taɓa kowane ɗauri da hannu, domin a nan ne ɗamara ke saki, sannan ka maimaita duk lokacin da ka tsaya shan mai. Ƙaramar kyamara marar waya a bayan tirela, wadda aka karkata ta yadda kekunan ke fitowa a ƙasan hoton, tana biyan kuɗinta. Ka tuna cewa tirelar ta ƙara tsawo da kusan mita ɗaya, kuma idan ka sha kwana mai tsanani ƙarshenta yana fita ta ɗaya gefen, inda zai iya kama famfon mai ko motar da ke ajiye. Ka kiyaye iyakar gudun masu jan tirela: mil 60 a awa a manyan hanyoyin Birtaniya da mil 50 a hanyoyin da ba a raba hannu biyu ba, mil 55 a Kalifoniya, kilomita 80 a Jamus sai ga wanda ya sami izinin 100. Idan tangaɗi ya fara, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birkin mota da ƙarfi. A tirelolin Amurka masu birkin lantarki, ka matsa makamar birkin tirela da ke cikin mota da hannu a hankali. Da zarar ka sami wurin tsayawa, ka sauke kekunan ka sa su cikin tirela a kan aksil, domin abin da ya faru ya nuna wuyan ya yi sauƙi da yawa.

Idan lissafin mataki na biyu ya ƙi fitowa, ko shasin bai yarda da kube ba, akwai wasu wuraren. Ana iya kafa mariƙi a kan wuyan tirela, sama da tukwanen gas, inda girgiza ba ta da yawa kuma kekunan suna cikin madubin direba, sai dai a nan nauyin wuya ƙaruwa yake yi, kuma motoci da yawa a Turai iyakar abin da ƙwallonsu ke ɗauka kilo 75 zuwa 100 ne, sannan dole a gwada kwana mai tsanani a hankali don a ga ko keke zai taɓa bayan mota. Mai a-kori-kura zai iya jera su a bodi, mai ƙaramar mota kuma a kan rufi. Ga masu batir guda biyu, cikin tirela tsakanin tayoyi ya fi ko'ina, a tsaye, an cire tayar gaba an ɗaure ƙafafun a jikin katako mai faɗi, da tsohon bargo tsakaninsu da kabad.